Kunnen Yaya Barau

Ku matso. Lantana, bar gyaɗar nan haka, ƙarar ɓawon ta ishe ni. Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wadda ta ce min ta zo mu ji ta. A gidan nan aka yi.

Kun san Yaya Barau, ɗan Kawu na sashen baya. Aikinsa hawan ƙarfen sabis. Shi da abokinsa Ilu rana ɗaya aka ɗauke su. Farantan nan da kuke hangowa a can ƙoli, kowanne yana da ɗan'uwansa a wani ƙarfen, tafiyar awa guda a babur, kuma dole su kalli juna ido cikin ido. In ɗaya ya kauce da faɗin yatsa, magana ta wuce ta gefe, gari ya kwana ba waya. Saita su kuwa sai mai hannu.

Ilu ne mai hannun. Ogansu, wani injiniya mai magana ta hanci, kullum sai ya ce, "Ilu, Ilu, kai dai Allah ya yi maka baiwa." Yaya Barau ya dawo gida ya tura tuwo gefe, yana kwaikwayonsa da murguɗa baki. Bai ma iya ba. Ni na fi shi.

Sai Oga ya ce zai naɗa ɗaya a cikinsu shugaban masu hawa. A wannan makon iska ta karkatar da farantin ƙarfen da ke Dutsen Gwauro. Aka sa Asabar za a je gyara. Dokar aikin ɗaya ce: ba a hawa sai da wani a ƙasa. Wanda ya karya, kora.

Yaya Barau ya tafi ranar Juma'a, don ya riga Ilu. Shi kaɗai. Rana tsaka, kowa na masallaci.

"Bai yi salla ba?" in ji Uwani.

Ke dai saurara.

Ya ɗaura bel, ya soke sufana a ƙugu, ya kama hawa. Ba tsuntsu ko ɗaya. Ƙarfen da ya kamata ya ƙona tafin hannu, sanyi ƙalau. Ya ce a ransa sa'a ce.

Yana kai wa ƙoli ya ga mutum. Wani dattijo, zaune a kan sandar da ke riƙe da farantin, ya sakko da ƙafafu. Ba bel. Iska na kaɗa rigar Yaya Barau, ta dattijon ko motsi.

"Sannu da hawa, Barau."

Muryar daga cikin farantin ta fito. Sai da ta gama, sannan leɓen ya motsa.

"Ya... yauwa, Baba. Kai ma aiki?"

"Zama. Tun ba a kafa ƙarfen nan ba nake zaune a wajen nan. Duk maganar da kuke aikawa ta kunnena take bi. Kama notinka."

Ya kama. Sai muryar ta sauya, ta koma ta Ilu sak, har da 'yar in'inarsa. "Ha-hagu kaɗan. Kaɗan. Tsaya nan. Ɗaure." Yaya Barau ya duba mitar sigina. Bai taɓa ganin ta hau haka ba.

Dattijon ya ƙwanƙwasa wani ɗan akwati da ke manne a bayan farantin. Farcensa dogo, baƙi.

"Wannan fa?"

"Mai ninki ne, Baba. Sigina ta shiga tana kaɗawa sau ɗaya, ta fita sau biyu. A sake ninkawa, huɗu, takwas, har ta yi saurin da farantin zai harba ta."

"Na ji daɗin bayanin. Me kake so?"

Mai hankali cewa zai yi, ba komai, Baba, a sauka lafiya. Yayanku kuwa sai ya ce:

"Ina so in riƙa jin abin da ake faɗa a kan Ilu in ba na wurin."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Dattijon ya taɓa akwatin, ya taɓa kunnen Yaya Barau na hagu. Kamar an ɗiga masa ƙanƙara. Ya rufe ido, ya buɗe. Sanda ce kawai, ba kowa a kanta.

Washegari yana kwance da zazzaɓi a ɗaki, sai ga muryar Oga a kunnensa, daga can gindin Dutsen Gwauro. "Wa ya saita wannan? Ai hannun Ilu ne!" Ta maimaita sau biyu. Sau huɗu. Sau takwas. Ilu ya rantse ba shi ba ne. Oga ya ce, "Ga baiwa, ga rashin son a sani. Kai ne shugaba." Wannan ma sau takwas.

In Yaya Barau ya ce shi ya yi, a kore shi. Ya yi shiru.

Tun ranar, duk inda aka yabi Ilu sai ta iso. Uwar Ilu tana sa masa albarka da safe. Mai shayi yana cewa yaron kirki. Budurwarsa kuwa, wai ita ce ta fi azaba, don ba ta gajiya. In an zagi Ilu, shiru, ba ya jin ko kalma. Ya cusa auduga. An kira malami, an yi rubutu, an yi hayaƙi. Malamin ya ce wanda ya roƙa da bakinsa, shi zai koma ya mayar. Shi kuma ko tsani ba ya iya hawa yanzu.

Lantana, kina kallona kamar ƙarya nake. To yi shiru, ku kasa kunne wajen sashen baya.

Allah ya yi wa Ilu albarka.

Kun ji? Ƙofarsa ce ya buga. Yanzu zai fito neman wanda ya faɗa, ku ja bargo.

Kuma in kun girma kun ga ƙarfen sabis da rana tsaka, ba tsuntsu a kansa, kada ku ɗaga kai. In aka gaishe ku daga sama, ba da ku ake ba.