Izinin Uwar Odessa

Ranar da Odessa Quashie ta fara ganin Kendell Bedeau, yana tsaye cikin ruwa har gwiwa a maƙabartar Tibeau, ya naɗe ƙafar wando, yana ɗaukar hoton wani dutsen kabari da teku ta kayar. Mu a tsibirinmu na Carriacou ba mai shiga wurin nan da takalmi mai sheƙi a hannu, shi ya sa kallo ɗaya ta yi masa ta san ya daɗe rabonsa da gida.

"Bawan Allah, ka gaishe ta kuwa kafin ka ɗauke ta hoto?"

"Wa fa?"

"Mai kabarin. Mahaifiyata ce."

Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce shi lauya ne, a nan aka haife shi amma a ƙasar Trinidad ya tashi. Gwamnati ce ta turo shi tattara shaidar ɓarnar da teku ke yi, za a kai kotun duniya, inda ake son alƙalai su faɗi abin da ke wuyan ƙasashen da hayaƙinsu ya ɗumama duniya.

"Duk karatun nan, ba a koya maka zuba wa mamaci ruwa da giyar rake ka nemi izini ba?"

"Ki koya min mana, malama."

Malamar firamare ce kuwa, ta kuma koya masa. Daga koyarwa aka koma hira, daga hira aka koma cin tuwon masara da soyayyen kifi a bakin gaɓa. Ba a jima ba saƙonni suka fara kai da kawo.

"Dessa, yau na wuce Tibeau na gaida Mama. Na ce mata 'yarta ta hana ni sukuni."

"Lauya, kar ka kai ƙarata inda ba ni da mai kare ni."

Sai dai ya nemi izinin mamaciya ya manta da mai rai. A taron da aka yi a makarantar ƙauyen Windward, ya haska hotuna a bango, sai ga dutsen nan kwance cikin ruwa, sunan Verlyn Quashie ɓaro-ɓaro. Mijin marigayiyar, mahaifin Odessa, Mista Linus masassaƙin jirgin ruwa, yana zaune a layin gaba. Ya miƙe, ya sa hularsa, ya fita.

"Ba zan ba da ke ga wanda ya mayar da uwarki abin kallo ba," ya ce wa Odessa a gida. "Ban da haka, a gidan nan ba a aure sai an je kabarin uwa an sanar da ita. Ina za mu tsaya mu gaya mata? Cikin ruwa?"

Nan fa Desmond, wani ɗan gari da ke zaune a Brooklyn can ƙasar waje, ya samu ƙofa. Ya yi alkawarin sabon dutse a kan tudu, ya ce zai auri Odessa ya ɗauke ta daga tsibirin da ruwa zai cinye. Ita kuwa ta yi kuka har ta gaji, don tana son Kendell, tana kuma ganin gaskiyar babanta. Ta tura wa Kendell saƙo:

"Na yi zaton ka tambayi Baba kafin ka nuna hoton. Kar ka kira ni tukuna."

Washegari Kendell ya cire hoton daga kayan shaida. Shugabarsa a wurin aiki ta ce ba su da hoton da ya kai shi taɓa zuciya, ya ce ya sani. Ya je ya samu tsohon a gindin jirgin da yake sassaƙa.

"Mista Linus, na cire. Laifina ne, ka yafe min."

Tsohon bai ɗago ba. "Kotun nan taku, za ta dawo min da ƙasar da ruwa ya ci?"

"A'a."

"Tana da 'yan sandan da za su kama masu hayaƙin?"

"Ba ta da su."

"To uwar me take yi?"

"Faɗa kawai za ta yi, cewa abin da ya same mu haƙƙi ne a wuyan wasu. Idan ta faɗa, 'ya'yanmu za su je neman haƙƙi, maimakon roƙon taimako."

"'Ya'yanku kai da wa?"

Kendell ya sunkuyar da kai. Tsohon ya ci gaba da sassaƙarsa, amma bai kore shi ba.

Wata safiya Mista Linus ya aika a kira Odessa da Kendell, ya sa su a ƙaramin jirginsa, ya tuƙa har saitin inda dutsen yake kwance. Ruwan ya kwanta, ana hango sunan. Ya tsiyaya giyar rake, ya bi ta da ruwan sha.

"Verlyn, ni ne. Tun da ruwa ya rufe ki na kasa zuwa, kunyarki nake ji. Ga 'yarki za ta yi aure. Yaron ba shi da wayo sosai, amma ba ya ƙarya. Na tambaye shi, da ya so da ya ruɗe ni da daɗin baki."

Odessa ta riƙe hannun babanta tana hawaye, tana dariya.

Ya juyo ga Kendell. "Ka mayar da hoton, da sunanta a jiki. Ka gaya wa alƙalan ranar da muka binne ta, daga bakin kabarin ko ƙarar teku ba ma ji."

Aka yi biki bayan tseren jiragen ruwa na shekara-shekara. Dangin ango da na amarya suka haɗu a mararraba, aka yi rawar tuta da rawar kek, kowane dangi na rawa ɗauke da nasa, kek ɗin amarya ya rinjayi na ango kamar yadda aka saba. Desmond ma ya taka, ba laifi.

Da za su shiga gida, Mista Linus ya jiƙa bakin ƙofa da ragowar giyar raken nan, ya dafa kawunansu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Allah ya sa idan lokacin auren 'ya'yanku ya zo, su samu busasshiyar ƙasa da za su tsaya a bakin kabarinku su gaya muku."