Kangon da Sagal Ta Niƙe

Magariba ta kawo kai, Sagal na dafa shayi, ko rigar aiki ba ta tuɓe ba, sai wani ɗan noti ya faɗo daga silin cikin tukunya. Ta ɗaga kai, ba ta ga komai ba. Wani ya sake faɗowa a tafin hannunta, da sanyi kamar daga firji.

Ta san irin notin, na jikin faya-fayan kwamfuta ne. A wani rumbun adana bayanai take aiki, can bayan garin Columbus, inda hotuna da saƙonnin mutane ke kwance cikin na'urori. A makon aka ba ta tsofaffin faya-fayan da aka yi shekaru ba a leƙa ba, masu su sun mutu ko sun manta. Ta zuba su a injin niƙa tana taunar cingam. Wa ke yi wa ƙarfe bisimilla?

Tun daga ranar gidan bai sake zama lafiya ba. Rana na faɗuwa bango zai ɗauki gurnani irin na fankokin wurin aikinta. Idil, marainiyar 'yarta tilo, ta daina cin abinci, sai ta ƙura wa bango ido tana jero sunayen mutanen da ba ta taɓa sani ba, da abin da likita ya gaya wa kowannensu. Sagal da ba ta shakkar kowa, tsoro ya shige ta har ƙashi.

Sagal ta kira Malam Warsame mai ruƙiyya, ya zo ya zauna yana karatu, bai gaggauta ba. Can Idil ta buɗe baki da muryar wata tsohuwar aljana.

"Kango muka samu, ba kowa, ga sanyi. Matar nan ta niƙe shi da jikokina a ciki."

Sagal ta yi saurin cewa ai komai ana ajiye kwafinsa a wani gari. Tsohuwar ta yi dariya, ta tuna mata cewa da hannunta ta share waɗancan ma.

"To me kike so, Iya?" in ji Malam.

"Wani kangon. Akwai muryar mijinta da ya ɗauka a asibiti domin yarinyar nan, tun da aka binne shi ba a buɗe ba. A bar mana. Ranar da aka kunna, yarinya tamu ce."

Sagal ba ƙin sauraro ta yi ba, jira take ranar da zuciyarta za ta iya. Malam ya ce zai iya ci gaba da karatu, amma jikin yarinyar ya gaji. Ta dubi wuyan 'yarta da ya zama tsinke, ta ce ta yarda.

Idil ta yi atishawa, bango ya yi tsit. Ta sha ruwa, ta kwantar da kai a cinyar uwarta.

"Umma, na ga Abba, amma bai ce komai ba. Yaya ma muryarsa take?"

Sagal ta buɗe baki za ta kwaikwaya mata, sai ta tarar ita ma ta manta.