Takun Baba Tibbs

Ranar Lahadi ce, an dawo daga coci, ƙamshin soyayyar kaza da burodin masara ya cika gidansu Luvenia da ke hawa na uku a unguwar Harlem. Mahaifiyarta, Mama Ozella, na zuba ganye a faranti lokacin da yarinyar ta tattaro ƙarfin hali.

"Baba, Lemuel na son ya zo ya gaishe ka."

Baba Tibbs bai ko ɗago ba. "Mai gangar nan? Ai ya riga ya gaishe ni, a gaban mutum ɗari uku."

Duk layinmu mun san wannan gaisuwa. Kafin taragon jirgin ƙasa ya matse masa ƙugu a wurin aiki, babu wanda ya kai Cornelius Tibbs iya rawa a unguwar nan. Shekara bakwai bai taka ba, sai ranar rawar yamma ta ma'aikatan jirgin ƙasa, da Mama Ozella ta lallaɓa shi ya miƙe. Lemuel, da ɗanyen kai irin na samari, ya hango surukin da yake fata ya shigo fili, ya ce bari ya burge shi. Ya saki kiɗa da gudu har ba a ganin sandunansa. Dattijo ya bi, ya bi, ƙafa ta ce ba da ita ba. Ya zube a gaban abokan aikinsa.

"Baba, Allah ya sani ba da gangan ya yi ba."

"Ban ce mugu ne ba, na ce ba ya kallo. Kiɗan swing don ƙafa aka yi shi. Makaɗin da bai ga ƙafar da ke gabansa ba, ke zai gani ranar da kika gaji?"

"Cornelius, ci abincinka ka bar yarinya," in ji Mama Ozella.

"Ke ba ke aka kwasa daga ƙasa kamar buhun dankali ba."

Luvenia ta shige ɗaki tana kuka. Washegari Lemuel ya tare ta a ƙofar shagon ɗinkin da take aiki, ya ce su je ofishin gari kawai a ɗaura aure, ai ta kai shekaru.

"Ba zan shiga aure ba sai hannun Baba na cikin nawa," ta ce. "In ka gaji, ga hanya."

Lemuel ya gyaɗa kai. "To, sai mu jira."

Daga ranar ya zama ɗan gidan matakalar shagon aski da ke kallon gidansu. Kullum ƙarfe biyar, lokacin da Baba Tibbs ke ɗingisowa daga tasha, yana nan zaune yana bubbuga gwiwa da yatsu. "Barka da yamma, yallaɓai." Ko kallo ba ya samu. Mu kuwa muka samu abin yi: "Lemuel, gadin titi aka ba ka? Nawa ne albashin?" Zafi ya wuce, ƙanƙara ta sauka, yana nan da tsohuwar kwat ɗinsa. Har Luvenia sai da ta ƙule.

"Wai ni kake nema ko takalmin Baba? Kullum idonka a ƙasa."

"Ki ƙara haƙuri, Luvie. Saura kaɗan in iya."

"Ka iya me?"

Ya ci gaba da bubbuga gwiwarsa.

Shekara ta zagayo, rawar ma'aikata ta dawo. Baba Tibbs ya zo ne don kada matarsa ta ci shi da mita, ya samu kujera a lungu ya harɗe hannu. Da aka yi nisa, Lemuel ya juya ya ce wa abokan kiɗansa su bi shi. Ya fara a hankali: bugu ɗaya dogo, ɗaya gajere, dogo, gajere.

Mai busa ya sunkuyo. "Kai, jana'iza muka zo?"

"Busa kawai."

Baba Tibbs ya ɗago kai. Ya san wannan kiɗa, don shekara takwas yana jin sa a kan daɓen titi. Tafiyarsa ce, ɗingishin da yake jin kunyarsa, ga shi makaɗa goma sha biyu suna lilo a kai. Mama Ozella ta miƙa masa hannu.

Ya miƙe. Duk inda ƙafar mai ciwo za ta sauka, ganga na nan na jiran ta. Da ya ɗan gaji, Lemuel ya sassauta. Da ya samu ƙarfi ya juya matarsa, Lemuel ya ɗaga. Idonsa bai bar takalman nan ba ko sau ɗaya. Tsofaffin da suka shekara suna ɗumama kujera suka tashi, masu ƙiba suka tashi, har ni da gwiwoyina. Luvenia na bakin fili, hawaye na zuba, tana ta cewa, "Na gode, Ubangiji, na gode."

Da aka tsaya, dattijo ya nufi dandamali yana haki.

"Kai yaro, a ina ka sato wannan?"

"A ƙofar gidanka, yallaɓai. Wata goma sha ɗaya."

"Ni na zaci 'yata kake leƙe."

"Ita ma ina ɗan leƙawa."

Baba Tibbs ya yi dariya har ya dafa ganga, sannan ya goge ido da bayan hannu. "Na gode, ɗana. Ka dawo mini da abin da na riga na binne. Lahadi ka zo cin kaza."

'Yan'uwa matasa, so ba burgewa ba ne. Wanda ke ƙaunarki da gaske zai yi haƙuri ya koyi takun mutanenki, ya rage gudunsa don kada a bar kowa a ƙasa.

Ranar auren, Lemuel bai taɓa ganga ba, amma ya koya wa abokinsa bugun. Da wannan bugun Baba Tibbs ya riƙo hannun Luvenia har gaban fasto, dogo, gajere, kansa a sama.