Ƙarƙashin Gangaren Rufi

Ranar da Eskil ya fara taka gidan Oddvar a Tynset, kallo ɗaya Maiken ta yi masa ta taɓe baki. Dogo ne siriri, hanci ja wur saboda sanyi, magana kuwa kamar ana cirar masa haƙori.

Ita abu ɗaya ne a gabanta. Tun da uban 'yarta ya tattara ya bi wata zuwa Bergen, ta dawo gidan mahaifinta Oddvar da 'yarta Signe, jaririya 'yar wata bakwai mai raunin ƙirji. Gidan ɗaki ɗaya ne, sai aka fitar da mota aka mayar da gareji ɗakin kwana. Likita kuwa bai ɓoye mata ba: in ɗakin bai riƙe ɗumi ba, tarin yarinyar zai mayar da su asibiti.

Eskil mai kafa na'urar ɗumi ne, irin wadda ake rataya rabi a ciki, rabi a waje. Ya auna bango, ya auna taga, ya durƙusa yana shafa ƙasan ƙofa.

"Sarkin awo," in ji Maiken, "ɗumama garejin za ka yi ko riga za ka ɗinka masa?"

"Ina gadon jaririyar zai tsaya?"

Ta nuna masa wurin. Mutum uku sun zo duba garejin nan, babu wanda ya tuna akwai jaririya.

Eskil ya yi wa Oddvar bayani a hankali. A toshe tsohuwar ƙofar mota tukuna, sannan matsakaiciyar na'ura ta isa. Babba takan huro zafi ta mutu, ta tashi ta sake mutuwa, yarinya ta yi gumi sanyi ya kama ta. Ta ciki kada ta fuskanci gado. Ta waje a ɗaga ta mita guda a bangon gabas, kada a kuskura a sa ta ƙarƙashin gangaren rufi, inda ƙanƙara take zamowa.

Oddvar ya yi dariya har da tari. "Matsakaiciya! Shekara arba'in ina tuƙa motar katako, ban taɓa ganin inda ƙaramin inji ya fi babba ba. Sha kofinka ka kama hanya."

Aikin sai ya faɗa hannun Preben, ɗan abokin farautar Oddvar, wanda ya daɗe yana kewaya Maiken. Ya zo da turare kamar ya faɗa cikin kwalba, bai auna ko taki ɗaya ba, ya kafa na'ura mafi girma a shagonsu dab da ƙofa, ƙarƙashin rufin kwano, wai nan ta fi kyan gani. Mutumin da aka haifa a garin nan! Ko karen Oddvar ya san ba a kwanciya a wurin.

Da yamma saƙo ya shigo wayar Maiken.

"Eskil ne. Ki juya gadon Signe ya bar saitin iskar. Ba sai kin amsa ba."

Ta juya gadon, ta kuma amsa. "Wa ya tambaye ka?"

"Babu. Ya tarinta?"

Daga nan kullum sai sun yi. Ya raɗa mata Zakanya, don ya ce da ya matsa kusa da gadon ya ga kamar za ta cinye shi. Ranar da Oddvar ya kama ta tana murmushi ga waya, ya ajiye cokali.

"In mai tef ɗin awon nan ne, kada in ga ƙafarsa a gidana. An yashe ki sau ɗaya, ba zan zuba ido a sake ba."

Sanyi ya kankama. Na'urar Preben ta yi ta tashi tana mutuwa, Maiken tana cire wa Signe bargo tana mayarwa. Amma kowace safiya sai a tarar an share dusar ƙanƙarar da ta taru a jikin na'urar ta waje, an fasa wadda ta daskare a ƙarƙashinta.

"Kin ga namiji," in ji Oddvar, yana dafa kafaɗar Preben. Shi kuma ya sunkuyar da kai yana murmushi, bai ce shi ne ba, bai ce ba shi ba ne.

Abin ya tsaya wa Maiken a rai. Ta rubuta wa Eskil: "Kai iyakarka tambayar awon zafi. Wani da shebur yake zuwa."

"To," ya amsa. Daga nan ɗif, har kwana tara.

Wata Asabar a Janairu gari ya ɗan saki. Da tsakar rana suka ji rugugi kamar an juye tifa: ƙanƙarar rufin gaba ɗaya ta zamo ta danne na'urar. Kafin ƙarfe biyu sanyi ya dawo da ƙarfinsa, numfashin Signe ya fara fita da ƙara. Maiken ta naɗe ta a ƙirji ta koma gefen murhun kicin, ta kira Preben.

"Haba 'yar kyakkyawa, ina kan dutse ina wasan zamiya a ƙanƙara. Litinin zan leƙo."

Ta kashe wayar. Ta rubuta wa Eskil kalma uku: "Rufin ya zubo."

Bai kai minti ashirin ba ya iso. Ta taga ta gan shi ya wuce ƙofa, ya zagaya bayan tarin itacen hura wuta, ya zura hannu ya zaro wani jan shebur. Su ba su da jan shebur.

Ta buɗe taga. "Tun yaushe wannan yake nan?"

"Tun Nuwamba."

"Har kwana taran nan?"

"Da ke na yi fushi, Zakanya, ba da Signe ba. Rufe tagar."

Oddvar yana tsaye a bayanta, ya ji komai. Ya sa takalmi ya fita ya riƙe wa Eskil tsani. Kafin Lahadi ta ƙare an toshe tsohuwar ƙofar, matsakaiciyar na'ura tana aiki shiru a bangon gabas, Signe tana barci hannu a sake.

Eskil na naɗe wayoyinsa Maiken ta tare ƙofa.

"In na jira ka faɗa da bakinka, sai Signe ta shiga jami'a. Kana sona ko ba ka so?"

Kunnuwansa suka yi ja. "Ina son ku. Ku biyun."

"To ka gaya wa Baba. Da ƙarfi, kunnensa ɗaya ya mutu."

An ɗaura auren a watan Yuni, a ƙaramar majami'ar bakin kogi. Preben ya aiko furanni masu girman kujera, aka bar su a waje. Wajen cin abinci Oddvar ya miƙe da jikarsa a hannu, ta yi ɓul-ɓul tana jan gemunsa, sanyi ya wuce ba ta ga gadon asibiti ba.

"Ni ban iya jawabi ba," in ji shi. "Maiken ba ni na ba ka ita ba, ita ta ba da kanta, ba ta ma tambaye ni ba. Wannan ce nake ba ka."

Ya ɗora Signe a hannun Eskil.

"Allah ya raya mana ita, ya ba ku zaman lafiya. Ku ci abinci kafin ya huce."