Ƙwarya Biyar a Bakin Kanal

Ranar Alhamis ce, zafin bazara kamar ƙasa za ta tsage, na sauka daga motar Kano a hanyar Bunkure.

Tun da na bar makaranta a aji biyar ban iya zama wuri ɗaya ba. Dako nake yi a birni har kwalara ta shigo. Aka daina musabaha, masu abinci suka kife tukwane, kullum sai an wuce da makara ta ƙofarmu. Na gudo gida.

Baba ya tare ni a bakin sabon kanal ɗin noman rani.

"Tsaya nan, Sada! Kwana bakwai za ka yi a bukkar gona. Kada ka haye, ko me ka ji."

"Baba, ƙalau nake..."

"Na faɗa maka!"

Da la'asar na hango Kubra, 'yar kawuna, wadda aka sa mana rana bayan an cire tumatir. Ta ɗora ƙwaryar tuwo a kan ruwa, ruwan ya kawo mini ita a hankali.

"Yaya Sada, birni ya ramar da kai! Haka zan aure ka, kamar karan dawa?"

"Ki ƙara man shanu mana, rabin raina."

"Ka dawo mini da ƙwaryata tukuna!"

"Ruwa ba ya komawa baya, Kubra. Da hannuna zan kawo."

Ta yi dariya, ta kamfaci ruwan kanal ta sha.

Kullum haka. In ta tafi, ni da tsuntsaye kawai.

Rana ta shida ƙwarya ba ta zo ba. Na yi ta kallon ruwa har magariba. Na ji kukan mata daga gidan Kawu. Na sa ƙafa a ruwa, sanyinsa ya kai gwiwa... sai na tuna maganar Baba, na koma.

Washegari Baba ya zo, idanunsa jawur.

"Haye, ɗana. Ashe ba kai za ka kawo kwalarar ba, a ruwan nan take. Tun jiya Kubra ke kiran sunanka..."

"Tana ina?"

Ya riƙe hannuna.

A unguwarmu mutum goma sha ɗaya muka binne. A gidan Kawu biyu, Kubra da mahaifiyarta. Ni ko ciwon kai ban yi ba. Ƙwarya biyar na kai, babu mai karɓa.