Waya Huɗu, Kunne Biyu

"Ɗaga hannun rigar kaɗan — yauwa, tsaya haka!"

Mai Hoto na durƙushe a tsakiyar falo da kyamara a ido, matarsa kuma na riƙe da 'yar rigar jarirai a jikin farin labulen taga.

"Kai dai akwai iyayi," in ji ta tana dariya. "Rigar da ba ta wuce tafin hannunka ba, ka yi mata hoto goma sha biyu!"

"Telata, abin da ya fito daga hannunki ai ko ɗari na yi masa ban biya ba."

Haka suke tun da suka yi aure shekara biyu da suka wuce. Ita tela ce, kayan jarirai kawai take ɗinkawa. Shi kuma ya ɗauki hoto, ya ɗora a shafinsu na intanet, ya amsa saƙon kwastomomi, ya haɗa oda da mai babur. Ba su yi kuɗi ba, amma masu jego sun san su, har wata kan turo hoton ɗanta sanye da rigar ta ce, "Allah Ya yi wa hannun nan albarka." Ga shi kuma Tela na ɗauke da cikinsu na fari, wata uku.

Wata ranar hutu Mai Hoto ya je gaida mahaifiyarsa, ya tarar da Yaya, babban wansa mai shagon kayan waya, da Auta ƙanwarsu mai haɗa turare. Ko ruwa bai gama sha ba Yaya ya tare shi.

"Kai yanzu namiji da kai, abincinka gaba ɗaya a ƙafar mace yake? Ranar da ta haihu ta rufe keken ɗinkin, me za ku ci? In kuka yi faɗa fa?"

"Haba Yaya, faɗan me?"

"Gaskiya wanka ya faɗa," in ji Umma. "Allah Ya ba ka basirar nan ta waya, sai matarka kaɗai za ta amfana? Ga cajoji jibge a shagon wanka, ga turaren Auta sai ƙura yake sha. Ko mu ba naka ba ne?"

Maganar ta soke shi, domin akwai gaskiya a cikinta. Da ya koma gida ya faɗa wa Tela, ta ci gaba da warware zare, sannan ta ce, "Ba laifi a samu ƙofa ta biyu. Amma ka ƙara ɗaya tukuna, in ta tsaya da ƙafarta sai ka duba wata. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku."

Ya ce to, amma bai ji ba. Cikin sati uku ya buɗe wa Yaya shafi, ya buɗe wa Auta, ya kuma ga takalma na tafiya a kasuwa ya buɗe nasa na kansa. Kowane shafi da layinsa, kowane layi da wayarsa. Aljihunsa ya cika da waya huɗu, wannan ta yi ƙara wannan ta amsa.

Da farko abin ya yi masa daɗi, Umma har addu'a take masa a gaban baƙi. Sai abubuwa suka fara cakuɗewa. Ya aika wa mai jiran kayan jariri kwalbar turare. Ya amsa wa mai neman caja da lambar takalmi. Saƙon masu jego ya riƙa kwana uku ba a buɗe ba, wata ta rubuta a ƙarƙashin hoto, "Da can ba haka kuke ba."

Tela ta koma ita ke komai. Ta ɗinka, ta goge, ta ɗauki hoton da 'yar wayarta ya fito dishi-dishi, ta tsaya a bakin get cikin rana tana jiran mai babur, ƙafafunta a kumbure. Wata safiya ta tare shi yana ɗaura agogo.

"Yau ne awo, ka ce za ka kai ni."

"Sori Telata, wallahi ina bizi. Sabon kaya ya iso wa Yaya."

"Ka koya wa Auta ta riƙe shafinta mana, ai ta fi ka iya waya. Kai kaɗai ba za ka iya ba, ni ma na gaji."

Da ya bar maganar a nan, da ta mutu. Sai ya ɗauke ta ya kai wa Umma, wai neman shawara. Da yamma Umma ta kira, wayar na kan tebur a buɗe, muryarta ta cika falon: "Ai na sani! Ba ta son 'yan'uwanka su ci arzikinka ne. Wace mace ce ba ta yi ciki ba?"

Tela na bakin ƙofar kicin. Hawaye suka gangaro mata, ta juya ta koma kan keke. Ya ji ƙarar ɗinki ta tashi, ya so ya bi ta, sai wayar takalma ta yi ƙara — ya ɗauka.

Ranar wata Laraba, cikin na wata bakwai, ya tafi shagon Yaya ɗaukar hoton kaya. Ya kwashi wayoyi uku ya shiga, tsohuwar wayarsa, wadda ita ce lambar da matarsa ke kira, ya manta ta a mota. Sai bayan la'asar ya fito. Kira goma sha ɗaya na Tela, da saƙo ɗaya daga maƙwabciyarsu: "Mun wuce asibiti, ta faɗi a kan keke."

Bai san yadda ya tuƙa motar ba. Ya tarar an riga an yi mata aiki. Likita ta ce jininta ne ya hau ƙwarai, ga gajiya, dole aka ciro abin da ke cikin. Ta kai shi bakin wani gilashi ta nuna masa 'yarsa a cikin kwalba, 'yar mitsitsiya, da roba a hanci.

Da Tela ta farfaɗo, ya durƙusa a gefen gadon ya kama hannunta. Ba ta yi masa ihu ba, da ma ta yi. A hankali ta ce, "Ashe da lambar turare na kira, da ka ɗauka."

Ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

Da aka sallame ta, gidan iyayenta ta wuce, ba ta kuma ce ranar da za ta dawo ba. Kullum yana zuwa, kullum a ce tana barci. A rana ta tara, mahaifinta, tsohon direban babbar mota, ya kira shi ƙarƙashin rumfar ƙofar gida.

"Zauna, ɗana. Shekara talatin ina kan titi. Maigidana mota shida gare shi, kuma bai yi laifi ba, don in ɗaya ta lalace biyar na tafiya. Amma ban taɓa ganin ya hau biyu lokaci guda ba. Kowace da direbanta. Wanka bai yi ƙarya ba da ya ce kada ka dogara da abu ɗaya. Kuskurenka, ka tara motoci ka ce kai kaɗai ne direba, ka kuma saki sitiyarin wadda iyalinka ke ciki."

"Abba, na yi nadama."

"Nadama ba a baki take ba. Je ka gyara."

Washegari ya je gidansu ya jera wayoyi biyu a gaban Umma. "Auta, ga taki, zan zauna da ke sati biyu in koya miki. Yaya, ga taka, ka ɗauki ma'aikaci in nuna masa. Takalma kuma na rufe."

Yaya ya miƙe. "Mace ta juya ka!"

"Yaya, saura kaɗan in rasa su biyun."

Umma ta kau da kai. Amma ranar da aka fito da jaririyar daga kwalba aka ɗora mata a cinya, ta ji rashin nauyinta, sai jikinta ya yi sanyi. Ta dubi Tela ta ce, "'Yata, bakina ya cuce ki. Ki yafe mini."

"Na yafe, Umma," in ji Tela, su biyun suna kuka.

Sai bayan wata biyu ta koma ɗakinta. Shafinsu kuwa ya riga ya yi sanyi, yawancin masu jegon sun koma wasu wurare, wasu har yau ba su dawo ba. Suka sake farawa daga tushe, Mai Hoto na bin tsoffin kwastomomi ɗaya bayan ɗaya yana ba da haƙuri. Yaya ya yi wata huɗu ba ya amsa gaisuwarsa kafin ya huce. Auta kuwa shafinta ya fi lokacin da yake hannun wanta tafiya.

Sai da shekara ta zagayo, suka ɗauki tela ta biyu, sannan Tela da kanta ta ce, "Yanzu ka ƙara. Ka fara ɗaukar hoton jarirai, masu sayen rigunanmu su ne dai kwastomominka." Ya ƙara, Allah kuma Ya sa albarka.

Haƙurin Tela ya dawo mata da mijinta, ya kuma saya mata daraja a gidan surukanta. Shi kuwa har gobe in aka tambaye shi yadda ranar haihuwar 'yarsa ta kasance, sai ya sunkuyar da kai, domin ba shi da labarin da zai bayar, yana can yana ɗaukar hoton caja. Neman ƙofa ta biyu ba laifi ba ne, amma a bari ta farko ta kafu, a kuma samu mai tsaron kowace. Sana'ar da ta rushe ana sake gina ta, ranar da iyalinka suka neme ka suka rasa kuwa ba ta dawowa.