Ranar da Aka Kwance Keken Auta

Tsirara ta samu kekenta.

Auta ta tsaya a bakin rumfar gyaran kekuna tana kallon abin da ta kawo jiya da yamma don a ɗaure masa birki kawai. Kariyar gaba, faffaɗan ƙarfen nan da take jera kiret ɗin ƙwai a kai, babu ita. Ta baya ma babu. Akwatunan da ke rataye hagu da dama kusa da taya sun yi ɓatan dabo. A madadinsu an maƙala wani ɗan kwando mai fulawar roba, wanda ko kyanwa ba za ta yarda ta zauna a ciki ba.

Mai rumfar kuwa, wanda duk unguwa ke kira Sifana saboda ba a taɓa ganin aljihunsa na baya babu sifanar kwance noti ba, yana tsugune gaban bokitin ruwa yana neman huji a jikin tif ɗin da ba shi da huji.

"Masoyi..." ta ce a hankali.

Duk wanda ya san Auta ya san in ta fara da masoyi cikin wannan muryar, gara mutum ya nemi ƙofar baya.

"Ina kayan kekena?"

Ya miƙe yana goge hannu a wando, ya ce Gimbiya, kamar yadda yake kiranta, ta zauna mana su yi magana. Ta ce ba zama ta zo yi ba. Sai ya fara zuba bayani yana kallon ƙasa. Wai jiya bayan tafiyarta Yaya ya zo, babban wanta, wanda tun rasuwar Babansu maganarsa ce magana a gidan. Wai ya ce ba ya ƙin Sifana, amma shi ƙanwarsa ba za ta ci gaba da ratsa gari da lodi kamar jaki ana nuna ta da baki ba. In da gaske aure Sifana yake so, to ya sauke ƙarafan nan yanzu. Yaya ya tsaya a kansa har ya gama kwancewa, sannan ya kwashe notina da maƙalan ƙarfen duka ya zuba a aljihu ya yi gaba.

"Kai kuma ka kwance."

"Saboda ke na yi, wallahi."

"Saboda ni ka yanke min ƙafa?"

Abin da ya fi ci mata rai, shi ne fa ya ƙera mata su. Lokacin da ta fara sana'ar kai ƙwai shaguna, a ka take ɗauka daga gidan kaji, wuya kamar zai karye. Ranar da ta turo tsohon keken Babansu rumfar nan, Sifana ya sa ta hau ta sauka, ta hau ta sauka, har sirdin ya daidaita da tsawon ƙafarta. Shi ya koya mata nauyi ƙasa-ƙasa ake sa shi, hagu da dama su zo daidai. Shi ya ɗaure kariyar gaba a gangar jikin keken maimakon a hannu, don in ta juya kan keke kada kayan su juya tare da ita. A cikin wannan hawa da sauka soyayya ta shigo, babu wanda ya ji sallamarta.

Yau kuma ga shi da kwando mai fulawa.

Tana cikin neman kalmar da za ta fi yi masa zafi aka danna hon a waje. Farar motar kaya ce, Direba a ciki, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa kamar an fasa kwalba. Abokin Yaya ne, shi ke rage masa hanya zuwa wurin aiki kullum da safe, kuma ya daɗe yana kewaya Auta da murmushin da bai taɓa samun amsa ba. Ya leƙo ta taga ya ce ya ji labari, ai ba komai, mace irinta gaban mota ya dace da ita. Ta shigo ya kai ta duk inda take so, daga yau ma ta bar masa wahalar ƙwan gaba ɗaya.

Auta ta dube shi daga hula har agogo.

Ta ce ta gode, amma ƙwanta ba sa son turare.

Ta san abin da ke gabanta. Masu shaguna da masu shayi ba sa jiran kowa. In safiya ta wuce ba su ga ƙwai ba, gobe wani za su kira, kuma duk ƙafar da ta sha kafin ta same su ta tafi a banza. Ta nufi tarin ƙarafan da ke lungun rumfar, ta zaro kariyar gaba, ta fizge kwandon ta cilla wa Sifana a ƙirji. Ta ɗauki almakashinsa ta yanka tsohon tif siri-siri, ta hau ɗaure kariyar a hannun keken, tunda babu noti ko ɗaya da za ta kama jikinsa da shi.

Sifana ya ce kada ta yi haka, ita ma ta san abin da nauyi yake yi a kan hannu. Ya ce ta bari ya nemo mata dabara. Ya kai hannu zai taya ta.

"Taɓa keken nan kuma ka gani," ta ce, ba tare da ta ɗago ba. "Hannunka na kwancewa ne."

Ta ja ƙullin ƙarshe da haƙori, ta hau, ta taka feda.

A gidan kaji mai lodi ya kalli ɗaurin ya kalle ta, ya buɗe baki, ya ga fuskarta, ya rufe. Ta jera kiret a kan kiret har sun kusa taɓa mata haɓa, tunda yau babu akwatin gefe da zai raba nauyin. Da ta hau titi sai keken ya zama wani daban. Ta ce dama, ya ce hagu. Kowane ɗan dutse sai kan ya girgiza kamar mai jin sanyi. Ta dafe hannun da duk ƙarfinta, kafaɗunta na zafi, tana yi wa keken magana ƙasa-ƙasa cewa in ya kunyata ta yau ita da shi har abada.

Ta wuce gada lafiya. Ta wuce layin masu kayan gini lafiya. Har ta fara jin daɗin kanta.

Sai kwanar bakin kasuwa, inda hanya ke gangarawa.

Ta juya kai kaɗan, lodin ya juya da yawa. Hannun ya kufce ya lanƙwashe har ya daki gwiwarta, tayar gaba ta tsaya cak, duniya ta kife. Da ta dawo hayyacinta tana zaune a ƙasa, gwiwar hannu a goge, gwaiduwa na gangarowa daga mayafinta, ƙwai ɗaya kuma yana ta mirginawa tsakiyar titi shi kaɗai kamar mai zuwa kai ƙara.

Wani mai tumatir ya yi dariya. Ta juya ta kalle shi, dariyar ta koma tari.

Kafin ta yunƙura sai ga Sifana ya jefar da nasa keken ya durƙusa gabanta yana haki. Ashe tun daga rumfa yake bin ta a baya, nesa-nesa. Ya tambaye ta ina ke ciwo, ya tambaya ya sake tambaya. Ta ƙi ko kallonsa. Ta hau tsince ƙwan da suka tsira tana mayarwa kiret, hawaye na son zubowa tana mayar da su da ƙarfin tsiya. Ba za ta yi kuka a bakin kasuwa ba, ko da ƙafarta ce ta cire.

Hon kuma. Farar motar ta tsaya, wannan karon har da Yaya a gaba, cikin kayan aikinsa masu guga. Ya sauko fuska a murtuke, ya duba hannunta da farko, ya ga gogewa ce kawai, sannan ya fara. Ya ce abin da yake gudu ke nan. Ya ce Umma na gida da hawan jini, ita kuma tana nan tana birgima a titi. Ya ce an gama, keken nan mota zai shiga yanzu, daga nan sai ɗakin ajiya.

"Yaya, ka yi haƙuri," in ji Auta, tana miƙewa. "Amma ko a ka ne sai na kai ƙwan nan. Gobe ma haka. Jibi ma haka."

Yaya ya kama sirdin keken zai ja. Sai ya ji keken ya ƙi tafiya. Sifana ne ya riƙe hannun keken.

Auta ba ta taɓa ganin Sifana ya musa wa wani babba ba. Mutumin da in kwastoma ya zage shi sai ya ƙara masa iska kyauta.

"Yaya, ba keken ne ya kayar da ita ba," ya ce. "Ni ne. Tun da na ɗaura mata kariyar nan ko ƙwai ɗaya bai taɓa fashe mata ba, sai yau, bayan na cire. Zan mayar."

Yaya ya tuna masa sharaɗin jiya, a gaban kowa.

"Na tuna. In sai na karya ta za a ba ni ita, to a bar ta a tsaye, ko ba ni za a ba ba."

Wani abu ya motsa a ƙirjin Auta. Ta yi sauri ta danne shi, don ba ta gama fushi ba tukuna.

Yaya ya ce to shi ke nan, kowa ya ji. Ya fizge keken ya tura shi bayan motar. Direba ya diro da gudu yana cewa a bari, a bari, bayan a cike yake, a ɗora a sama. Amma Yaya ya riga ya murɗa ƙofar.

Ƙwai ne. Kiret a kan kiret, jere reras har rufi, an sa katifar soso a ƙasa, an ɗaure da igiya sabuwa fil.

Yaya ya daɗe yana kallon lodin. Sannan ya tambayi abokinsa, cikin sanyin murya, yaushe ya fara sana'ar ƙwai. Direba ya ce ai taimako ne, don kada kwastomomin Auta su rasa. Mai shayin da ke bakin kwanar, wanda yake jiran nasa ƙwan tun ɗazu, ya ce taimakon ya yi sauri kuwa, don tun shekaranjiya Direba ya zagayo yana gaya musu Auta ta daina, shi zai riƙa kawowa.

Shekaranjiya ko noti ɗaya ba a kwance ba.

Yaya ya tuna wanda kullum a mota yake cika masa kunne da cewa ana yi da ƙanwarsa a gari. Ya ajiye keken a hankali. Ya rufe ƙofar motar a hankali. Ya ce wa Direba ya wuce, shi yau da ƙafa zai tafi.

Sifana bai jira a ce masa komai ba. Ya ɗago nasa keken mai akwatunan gefe, ya jera ƙwan da suka tsira a ciki, nauyi ƙasa-ƙasa, ya sauke sirdin daidai tsawonta ba tare da ya auna ba, ya miƙa mata.

Ta karɓa. Ta ce kada ya ɗauka sun shirya.

Ya ce bai ɗauka ba.

Ta bi lungunanta ɗaya bayan ɗaya, irin waɗanda mota ko a mafarki ba ta shiga. Kowa ta ba shi rabin abin da ya saba samu da alƙawarin ciko da yamma, kuma duk wanda ya tambayi gwaiduwar da ke mayafinta ta ce sabon yayi ne, bai iso layinsu ba tukuna.

Da ta dawo rumfar, tun daga nesa ta hango tartsatsi. Sifana ya jawo injin maƙwabcinsa mai walda, ya rufe fuska da baƙin gilashi, yana liƙe kariyar gaba a gangar jikin kekenta. Ta baya ya riga ya gama da ita, har da ƙarin ƙarfe biyu da suka sauka zuwa gindin taya. Yaya na zaune a benci, hannu a harɗe, yana kallon wani waje kamar hanya ce ta biyo da shi.

Sifana ya ɗage gilashin. Gumi ya yi masa layi-layi a fuska.

"Wannan ko ni ban isa in kwance ba, Gimbiya."

Ta zagaya keken, ta jijjiga nan, ta daki can, tana neman abin kushewa ta rasa.

"Waldar ba ta yi kyau ba," ta ce.

"Na sani."

"Kai ma ba ka yi kyau ba."

"Shi ma na sani."

Murmushin ya kufce mata kafin ta kama shi. Ta juya da sauri, sai idonta ya faɗa kan Yaya yana duba agogo yana tsaki. Ya makara, motocin haya a cike suke a wannan lokacin, ga shi kuma da bakinsa ya kori mai rage masa hanya.

Auta ta taɓa kariyar baya ta ji ta huce. Ta hau sirdi, ta buga ƙararrawa sau ɗaya.

"Yaya, hau in sauke ka."

Ya ce Allah ya kiyaye. Ya ce shi da girmansa. Ya sake duba agogo, ya leƙa titi hagu da dama ko akwai wanda ya san shi. Sannan ya tattare wandonsa mai guga ya zauna a kan kariyar, ya riƙe ƙarfen da hannu biyu kamar wanda za a yi wa allura.

Keken ko gezau bai yi ba.

Ta taka feda, suka fita daga rumfar sumul, masu shagunan layin na leƙowa. Sai da suka kusa kwana Yaya ya waiwayo, har yanzu fuska a ɗaure, ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Kai mai keke! Ka wanke hannun nan ka zo gida da yamma, Umma na son ganinka."

Auta ba ta waiwaya ba. Ta dai ƙara wuta, har Yaya ya fara salati yana roƙonta ta taka birki.